Sharhin Fim: Faston da Ya Rasa Amsa

Mai karatu, ka saba da finafinanmu inda malam ke ɓullowa a ƙarshe ya sasanta kowa? To "Winter Light" na Ingmar Bergman ɗan ƙasar Suwidin, fitowar 1963, zai ɗaure maka kai. Mun kalle shi a Ƙauran Namoda, wani abokina ɗan Zurmi ya tashi tun rabi, wai saɓo ne. Ni dai ban ga saɓo ba. Masunci ya kawo wa fasto fargabarsa ta bam ɗin nukiliya, faston ya ɓuge da zayyana masa nasa shakkun, mutumin ya fita ya harbe kansa. Bergman ɗan fasto ne, ya san ciwon. Sai dai fim ɗin akwai jan ƙafa, wallahi, kuma ba waƙa sai ta coci.