Takobi da Alƙalami: Sharhi a kan Gidan Tarihin Kanta da Gurbin Marubuci a Ƙasar Kabi

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da gidan tarihi ke adanawa, da kuma abin da yake bari a waje. Gidan Tarihin Kanta na Argungu, wanda ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1958, ya cika aikinsa ta fuskar sarauta. Mai ziyara zai ga takubba da masu da kwari da baka, da tambura, da kayan su, duka a ƙarƙashin sunan Muhammadu Kanta na Surame. Sai dai abin da ya rinjaya a wurin shi ne ƙarfin damtse. Aikin alƙalami bai sami irin wannan martaba ba.

Alhali kuwa ƙasar nan ta yi marubuci da ba a tsallake sunansa, watau Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, a can kuma hubbarensa yake. Shi ya rubuta Liya'ul Hukkami sa'ad da ya sauka Kano, da tafsirin nan Liya'ut Ta'awili, da Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara waƙoƙinsa tare da labarin jihadi a 1813. Mutane na zuwa hubbare ziyara, amma ziyarar kabari daban, sanin rubutun mai kabarin daban.

Alal misali, a ƙasar Foland an buɗe gidan tarihi a ƙauyen Czarnolas a 1961 domin mawaƙi Jan Kochanowski (1530-1584), wanda ya yi rubutu da Latinanci da kuma harshen mutanensa. Gidansa na asali ya daɗe da ƙonewa, amma hakan bai hana ba, domin rubutun ne ginshiƙi, ba ginin ba.

To, amma a nan akwai wuyar da ba za a kauce mata ba. Malam Abdullahi na cikin jagororin rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805, Argungu kuwa nan ne zuriyar Kanta suka sake kafa mulkinsu bayan wannan faɗuwa. Saboda haka gwarzon wani gida shi ne abokin gaban ɗayan. A ganinmu wannan ba hujjar yin shiru ba ce. Gidan marubuci da za a kafa a Birnin Kabi ya kamata ya ajiye littattafan Malam, kusa da su kuma kirarin sarakunan Kabi da waƙoƙin masunta, domin ɗalibi ya ji bakin kowane ɓangare.

A ƙarshe, takobi na iya jiran shekara ɗari a rataye. Takarda kuwa gara da damina ba sa yi mata jira.