Inda Iya Magana Ke Da Aji Da Jarrabawa

A Ingila akwai yaran da, idan an tashi daga makaranta, sukan tsaya sau ɗaya a mako su koyi abin da yawancinmu muke ɗauka baiwa ce: a tsaya gaban mutane, a buɗe baki, a saurare ka. Darasi ne mai malami da manhaja da jarrabawa. Babbar mai shirya jarrabawar ita ce LAMDA, makarantar wasan kwaikwayo ta Landan da aka kafa a 1861, wadda David Oyelowo, ɗan asalin Najeriya da ya fito a matsayin Martin Luther King a fim ɗin Selma, ya yi karatu a cikinta. Trinity College London ma tana shirya irinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda malaman suke farawa. Numfashi ne darasin farko. Za a ce yarinya ta ɗora tafin hannu a kan cikinta, ta shaƙi iska har ta ji cikin ya taso, kafaɗunta ko motsi ba su yi ba, sannan ta saki iskar a hankali tana ƙirga. Mai jan numfashi da ƙirji kawai, kafin ya kai ƙarshen jimla murya ta shaƙe, sai ya koma ihu. Wanda ya ja daga ciki kuwa, na bayan ɗaki zai ji shi ba tare da ya ɗaga jijiyar wuya ba. Daga nan sai motsa leɓe da harshe, har kowane harafi ya fito daga mafitarsa. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san wahalar wannan, ya kuma san daɗinsa.

Sai babban darasi, wato shiru. Yaro mai jin tsoro gudu yake da magana, so yake ya gama ya zauna. Aikin malami ne ya sa ya yarda cewa idan ya tsaya na ɗan lokaci kafin kalma mai nauyi, ba wanda zai zaci ya manta. Kunnuwa ma ƙara buɗewa za su yi. Yakan ɗauki watanni kafin yaro ya amince da haka, amma ranar da ya amince, karatunsa ya sauya ke nan.

Ranar jarrabawa babu taron 'yan kallo. Yaro zai shiga ɗaki, ya gaida mai jarrabawa da ke zaune da kwafin abin da za a karanta, ya faɗi sunan waƙar ko labarin da marubucinsa, sannan ya kawo shi da ka. Idan ya gama sai tambayoyi: me wannan kalma take nufi, wane hali mai maganar yake ciki, me ya sa ka sassauta murya a nan? A ganina nan ne darajar tsarin take, domin hadda kaɗai ba ta fid da yaro. A fannin jawabi ga jama'a kuma, manyan ɗalibai akan ba su batu 'yan mintuna kafin su shiga, su tsara jawabi nan take.

Matakan jarrabawar LAMDA suna hawa daga 1 zuwa 8, bayan na share fage. Maki 50 an ci, 65 da yabo, 80 da fifiko. Matakai na 6, 7 da 8 su ne na lambobin tagulla, azurfa da zinariya, kuma suna ƙara wa ɗalibi maki a UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta.

Illar tsarin ɗaya, kuɗi. Darasin da jarrabawar duk biya ake yi, don haka ɗan mai hali ya fi samu, alhali yaron da ba a saba jin ta bakinsa ba shi ya fi buƙata. Amma numfashi da tsayawa da tambayar "me ya sa" ba a sayensu, kuma da Hausa ma suna koyuwa. Malamai, ku nemo yaron nan da ke laɓewa a bayan aji, ku ba shi gajeren labari ya haddace, ku tsayar da shi gaban 'yan'uwansa ranar Juma'a.