"Waƙar Ta Fi Fim Ɗin Daɗi": Yabo Ne Ko Gori?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Ringim bayan sallar isha'i, ko ya tsaya jiran wayarsa a shagon masu caji da tura finafinai, ya san yadda hirar fim take tafiya. Wani zai ce ya kalli sabon shiri jiya, a tambaye shi yaya yake, ya ɗan karkata baki ya ce ba laifi, amma fa waƙar ta fi fim ɗin daɗi. Daga nan sai musu ya koma kan mawaƙa: wannan ya ce ba a yi kamar Nura M. Inuwa wajen kalaman soyayya ba, wancan ya ce Umar M. Shareef ya fi murya, na uku ya jefo Hamisu Breaker. Kafin shayi ya huce an manta da fim ɗin da aka faro maganar a kansa.

Na daɗe ina jin wannan magana ina ɗaukar ta yabo ga mawaƙi. Yanzu na canza ra'ayi. Gori ce ga marubuci da darakta, kuma mai yin ta ya fi yawancinmu masu rubuta sharhi gano inda ciwon yake, ko da bai tsaya ya warware ta ba.

Bari mu ɗan koma baya. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar ta yi shekaru tana lalube kafin ta gano abin da ke sayar da kaset. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, da Wasila da ya biyo baya a 2000, su suka tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ita ce ƙugiyar da ke kamo mai saye. Waƙar kan riga fim ɗin shiga gari, a ji ta a rediyon mota da gidan biki, sai mutum ya je neman kaset ɗin domin ya ga yadda aka hau ta. Ba daga sama wannan ya faɗo ba. Kanawa sun shafe shekaru da dama suna kallon finafinan Indiya a Plaza da Marhaba da El-Dorado, har masu bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin suna ɗora yabon Annabi a kai. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan aro. Abin da ya dame ni ba aron ba ne, domin ba al'ummar da ba ta aro. Abin da aka aro ne bai cika ba. An ɗauko rawa da canjin kaya da gudu a cikin lambu, aka bar dalilin da ya sa waƙar ta zo a daidai wannan gurbi na labari.

Kuma abin haushin, muna da namu tsarin a gida. Ku tuna tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana a tsakar gida. Waƙa a cikin tatsuniya ba hutu ba ce. Da ita marainiya take kai ƙarar kishiyar uwa, da ita tsuntsu yake tona asirin wanda ya yi kisa, da ita ake kiran dodo ko a buɗe ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Cire waƙar, tatsuniyar ta rushe. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata a ɗora kowace waƙar fim a kai: in an yanke ta, me labarin ya rasa? A mafi yawan finafinan da na kalla tun zamanin kaset har zuwa na faifai, amsar ita ce bai rasa komai ba sai minti biyar. Saurayi da budurwa suna son juna kafin waƙa, suna son juna bayanta, ba wanda ya san wani abu sabo, ba wanda ya yanke wata shawara. Shi ya sa mai kallo zai iya ɗauke waƙar ya zuba a wayarsa ya watsar da fim ɗin ba tare da jin ya yi asara ba. Ko Mansoor na 2017, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni kuma Umar M. Shareef ya fito a ciki tare da Maryam Yahaya, fim ne da ya yi tashe ƙwarai, amma a gwada tambayar 'yan majalisa yau su ba da labarinsa daga farko zuwa ƙarshe, sannan a ce su rera waƙoƙinsa. Za a ga wanda ya fi zama a ka.

Mawaƙan su ma sun gane haka, suka kama gabansu. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona, matan aure suna taka rawa a gaban mazajensu ana ɗauka ana yaɗawa, ba tare da wani fim ya goya ta ba. Mawaƙin da ke da YouTube da TikTok da gidajen biki, me zai jira a wurin furodusa?

To sai zamani ya juya zuwa finafinai masu dogon zango. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a tashar Arewa24, Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube, Labarina na Aminu Saira. Rawa ta ragu sosai, a wasu ma babu ita sam, kuma iyaye da malamai da yawa sun yi hamdala. Ni ma na so in yi, amma kunnena ya hana ni. A yawancin shirye-shiryen da suka biyo sahun waɗannan, an kori rawa ta ƙofa, wani abu ya shigo ta taga: sautin fiyano mai ban tausayi da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kowace magana. Uwa za ta yi wa ɗanta faɗa, sauti. Miji zai shigo gida ya ajiye leda, sauti. Wani lokaci ma sai ya danne muryar ɗan wasan, musamman ga mai kallo a ƙaramar waya ba tare da abin kunne ba, wanda shi ne yawancinmu a Ringim da Taura da Garki. Cutar ɗaya ce da ta da. Da ana sa waƙa don a cike gurbin da labari ya bari, yanzu ana sa kiɗa don a gaya wa mai kallo ya ji tausayi, saboda rubutun da wasan ba su isa su sa shi ya ji da kansa ba. Ga kuma ja, domin dole a cike mintunan mako: mota ta fito daga gida, mai gadi ya buɗe ƙofa, ya rufe, duk da kiɗa.

A nan ne zan yaba wa zangon farko na Labarina, wanda ya fara fita a 2020. Waƙoƙin Naziru Sarkin Waƙa a cikinsa ba na rawa ba ne. Suna zuwa ne kamar bakin mai ba da labari, suna faɗin abin da ke zuciyar Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, a lokacin da ita ba ta da wanda za ta faɗa wa. Wannan ya fi kusa da aikin waƙa a tatsuniya. Ba zan ce ko'ina ya dace ba. Akwai wuraren da waƙar ke maimaita abin da ido ya riga ya gani, kamar wanda ya nuna maka tuwo sannan ya ce maka wannan tuwo ne. Amma abin lura shi ne irin musun da shirin ya haifar. Mutane sun yi ta jayayya a kan Mahmud da Presido da Lukman, wa ya cancanci Sumayya, wa ya ci amana, da irin son zuciyar Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa. Da Nafisa ta bar shirin aka kawo Fati Washa, an yi makonni ana cacar baki. Ban ji wanda ya ce waƙar ta fi fim ɗin daɗi ba. Ana jin waƙar sai a tuna yarinyar da halin da take ciki.

Kwanan baya wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya zo hutu, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, saurari wannan." Waƙar wani sabon shiri ce, kuma gaskiya ta yi daɗi, har na ce ya tura mini. Na tambaye shi a wane wuri ta zo a cikin labarin, wa ke rera ta, kuma me ya faru kafin ta. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya yi dariya ya ce shi fa bai wuce kashi na biyu ba, datarsa ba ta wasa ba ce.