Kunne ne alƙali, ba allo ba

A wani biki a Maraɗi na tsaya bayan DJ, ya ɗora tsohuwar waƙar kalangu a kan kiɗan zamani. Nan take bugun biyu suka yi karo, masu rawa suka tsaya cak, shi kuwa idonsa na kan allo, wai lambobi sun yi daidai.

Na'urar Technics SL-1200 MK2 da ta fito a 1979 tana ƙara saurin faifai ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari. Ba allo, sai kunne da yatsa. CDJ na Pioneer kuwa yana iya gusa saurin da kashi 0.02 kacal. Ban raina wannan ba: in wata waƙa tana bugu 120 a minti, ɗayar 120.5, cikin minti guda sun saɓa da rabin bugu.

Sai dai lamba kiɗan kwamfuta take kamawa. Kalangu hannun mutum ne, yana zabura yana lafawa. Wanda bai koyi binsa da kunne ba, ko inji ya kai ina wajen daidaito, kunya zai sha a fili.