Shin Talabijin Ɗin Hausa Ya Kai Ganiyarsa? A Tambayi Kunne

Tun da hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22 a watan Mayun 2025, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, wata tsohuwar gardama ta sake tashi a teburan masu shayi da shagunan masu tura finafinai a waya. A Suleja ma an tafka ta, daga Kwamba har Madalla. Dattawa sun ce gara da aka yi haka, domin a ganinsu wasan kwaikwayo ya mutu tun ranar da Samanja ya tuɓe kaki, abin da ya rage sai rikicin kishiya da rabon gado da jan labari don kuɗin tallar YouTube. Matasa kuma sun ce ba a taɓa yin zamani irin wannan ba: ga hoto tangaran, ga jirgin ɗaukar hoto daga sama, ga sabon kashi kowane mako a tafin hannunka.

Dukansu sun kuskure ma'auni. Dattawan kewar ƙuruciyarsu suke yi, sun manta da tarin wasannin gwamnati na wayar da kai da ake cusa musu tsakanin labarai, waɗanda ba wanda ke iya tuna sunansu yau. Matasan kuwa da ido suke auna abin da tun asalinsa na kunne ne.

Tarihin ba shi da tsawo. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, sannan aka haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. A shekarun 1970 da 1980 Kaduna ta ba da Samanja Mazan Fama da Karambana, Jos ta ba da Karkuzu, Kano kuma, tsakanin NTA da tashar CTV da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa, ta ba da irin su Kuliya Manta Sabo da Hankaka da Bakan Gizo. Da fim ɗin Turmin Danya ya fito a kaset a 1990, sai 'yan wasa suka yi hijira zuwa kasuwar bidiyo, waƙa da rawa suka mamaye fage, talabijin ya koma mai aron kaya. Haka aka zauna har masu satar fasaha da wayar hannu suka karya kasuwar faifai. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka, ita ce ta dawo da shiri mai zuwa mako-mako, kullen korona na 2020 kuma ya tura kowa YouTube.

Abin da ya riƙe wasannin farko kuwa dabara ɗaya ce: a gane mutum daga bakinsa kafin a ga fuskarsa. Galibi ba a rubuta musu magana kalma-kalma. Akan tsara musu ƙashin labarin, kowa ya shiga da harshen da ya gina wa kansa. Shi ya sa matar da ke tuƙa tuwo a tsakar gida ba ta rasa komai ba don ba ta kallon akwatin, muryar kawai ta isa ta gaya mata wane ne ya shigo, da me ya zo, kuma wa zai cuta.

Ba wanda ya kai Usman Baba Pategi iya wannan. Banufe ne daga Pategi, tsohon soja, kuma Hausar da ya sa a bakin Samanja ita ce Hausar bariki, wadda sojojin ƙasar nan suka yi ta aiki da ita tun zamanin Turawa. Masu kallo da yawa sun ɗauka abin dariyar shi ne karyewar harshen. Wanda ya saurara da kyau zai ji cewa Samanja ba harshe ɗaya yake yi ba. Idan yana gaban hafsa, sai Turancin ya yi yawa, jimlolin su gajarce, murya ta ƙame, domin mutum ne da ke tsoron kada a gane iyakar karatunsa. Da ya juya ga kurata, sai tsawa ta dawo, Hausa da Turancin buroka su cakuɗe, ya huce a kansu duk wulaƙancin da ya haɗiye minti ɗaya da ya wuce. In kuma rigimar ta zaman bariki ce, ta mata da maƙwabta da bashi, sai ka ji tsawar ta sassauta, lallashi ya shigo. Matsayin mutum a tsanin iko yana fitowa daga yadda yake sauya harshe, ba tare da wani ya tsaya ya yi wa mai kallo bayani ba. Wannan aiki ne na gwani. Ya kuma zo wa ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a kan gaɓa, lokacin da soja ya cika gari, mutane na tsoronsa, suna kuma neman hanyar yi masa dariya ba tare da sun sha bulala ba.

Ƙasimu Yero ya bi ta wata ƙofar. Hausarsa ta Zazzau ce tsantsa, makaminsa kuwa jinkiri: ya san inda zai ja kalma, da inda zai yi shiru ya bar shisshigin Karambana ya tona kansa. Ya rasu a 2017, Pategi kuma a 2023.

Masu cewa dabarar ta bi su kabari ba su saurari Daɗin Kowa ba. Shirin, wanda Salisu T. Balarabe ya karɓi kambun gasar finafinai ta AMVCA da shi a 2016, an gina shi a kan gari, ba a kan jarumi da jaruma ba, kuma garin ya ginu ne da muryoyi. Malam Nata'ala yana magana da harshen tsangaya, mai yawan salati da iko a kan almajirai, amma harshen kan ruɗe idan rikicin cikin gida ya taso. Kamaye da Adama sun mayar da faɗan talauci kiɗa mai amshi: shi yana kewaye-kewaye da alkawarin gobe, ita tana yanke masa hanya da lissafin cefane. Sai Stephanie, Kirista a tsakiyar garin Musulmi, wadda aka bar ta ta yi Hausarta yadda take, aka ba ta soyayya da damuwa da hujja, ba a mayar da ita abin tsokana ba. Bambancin da ke tsakanin wannan da wasannin da shi ne rubutu. Marubutan littattafai irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih ne suka zauna suka tsara maganar, kuma shigowar mata cikin ɗakin rubutu ta sa zancen cikin gida ya daina zama abin da maza ke zato.

A Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, labarin na Sumayya ne da masoyanta, amma tambayi mai kallo wa ya fi tunawa, zai ce Baba Ɗan Audu. Rabi'u Rikadawa ya gina mayaudarin da ba shi da jari sai baki. Yakan shigo da ladabin dattijo, ya shimfiɗa addu'a da zumunci, ya auna fuskar wanda ke gabansa, sannan ya karkata zancen zuwa aljihu, in an gano shi kuma ya juye ya zama wanda aka zalunta. Mai kallo ya san ƙarya ce tun daga sallama, daɗin yana wajen jin ta inda za ta ɓullo. Haka ma Kwana Casa'in, da ya fara a 2019: ƙarfin Gwamna Bawa Maikada na Jihar Alfawa, a bakin Sani Mu'azu, yana cikin tazarar da ke tsakanin harshensa na dandalin kamfen da harshensa na bayan ƙofa, kuma Malam Adamu na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama abokin karawarsa ne saboda shi harshe ɗaya gare shi a ko'ina.

Har finafinan Indiya da su Algaita ke juyawa zuwa Hausa shaida ce. Hoton na Mumbai ne, labarin ma haka, amma matasa na rububinsu saboda zaurance da habaicin da aka ɗora a kai.

To, ina aka gaza? A tarin sauran. Mafi yawan shirye-shiryen da ke fitowa kowane mako a YouTube baki ɗaya gare su. Attajiri da direbansa da likita da uwar miji duk Hausar falon Kano suke yi, an barbaɗa mata Turanci, har idan ka rufe ido ba za ka san wa ke magana ba. Dalilin a fili yake: kuɗin yana zuwa ne daga tsawon lokacin da aka kalla, dole kashi ya fita kowane mako, marubuci ba shi da sararin zama ya saurari kowa, sai a cike gurbi da doguwar tafiyar mota da kiɗan tausayi. Izzar So ya tara masoya da halin Umar Hashim na Lawan Ahmad, kuma ba laifi a so mutumin kirki a allo, sai dai maganarsa ta fi kusa da huɗuba, ita kuwa huɗuba ba ta jiran amsa. Wanda ba Bahaushe ba, idan ya samu shiga irin waɗannan shirye-shirye, galibi Bahaushe ne ke kwaikwayon karin harshensa don a yi dariya a wuce.

Daga Suleja aka fi ganin girman wannan giɓi. Gari ne na sarakunan Zazzau da suka yo kudu bayan jihadi, Abu Ja ya kafa shi a 1828 a ƙasar Gbagyi da Koro, garin ya ba wa sabon babban birnin tarayya sunansa na Abuja bayan dokar 1976, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Yau ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu nan suke kwana, su yi sammakon wuce dutsen Zuma. A kasuwar IBB, Ibo mai kayan gyara da Bagwariya mai doya da Banufe da Bayarabe direba duk da Hausa suke ciniki, kowa da irin tasa, kuma ba wanda ke yi wa wani dariya, domin kuɗi ake nema. Garin ya kuma san abin da rabuwar kai ke jawowa: a 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja a watan Afrilu, wani kuma a cocin Saint Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti. Miliyoyin mutane daga Minna zuwa Jos, daga Zongon Kumasi zuwa Yamai, irin wannan Hausar ta kasuwar Suleja suke rayuwa da ita. Su ne masu kallon da Samanja ya yi wa magana da bakinsu, su ne kuma waɗanda masu shirye-shiryen yau suke karɓar kuɗin datarsu ba tare da sun ba su kujera a cikin labarin ba.

Saboda haka amsar rabi ce. Ta fuskar yawa, da ingancin hoto, da isa ga Bahaushen da ke Jidda ko Landan a daren da shiri ya fita, ba a taɓa yin zamani kamar wannan ba, kuma dattawan da ke musun haka son zuciya ne. Ta fuskar kunne kuwa, shirye-shirye uku ko huɗu ne ke ɗauke da sauran. Furodusan da ke son a tuna da aikinsa yadda ake tuna Samanja ya rage kuɗin hayar katafaren gida da motoci, ya biya marubuci ya je ya yi sati a tashar motar Suleja yana saurare, sannan ya ɗauko 'yan wasan da wannan Hausar ce tasu ta gado ya ba su manyan gurabe.