Waƙoƙin Misar Aure: Wa Ake Rera Wa?

Wasu iyali a Ƙofar Sauri sun kawo mana jerin waƙoƙin da aka tsara don auren 'yarsu. Amarya za ta shiga da kiɗan Wagner, a fita da na Mendelssohn, a tsakiya kuma mutum ɗaya ya rera Ave Maria ta Schubert. Ba Zabura, ba waƙar Hausa ko ɗaya. Wannan tsari ya zama ruwan dare, shi ya sa ya kamata mu auna shi.

Mu fara da asali. Kiɗan Wagner daga wasan Lohengrin na 1850 ya fito, kuma auren da ke cikin wasan bai yi ƙarko ba. Na Mendelssohn ma don wasan kwaikwayo aka tsara shi a 1842. Daɗinsu ba abin musu ba ne, amma ba don addu'a aka yi su ba.

Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta kan sujada ta 1963, ta ba mu ma'auni. Sashe na 121 ya ce a ɗauko kalmomin waƙa musamman daga Littafi Mai Tsarki da addu'o'in Ikilisiya. Sashe na 120 ya girmama ogan mai bututu, amma ya yarda da wasu kayan kiɗa idan sun dace da ibada. Sashe na 119 kuma ya ce a ba waƙoƙin al'umma matsayinsu. Ke nan tulu da kacau-kacau na Zumuntar Mata ba baƙi ba ne a Misa.

Babban laifin wancan jeri shi ne ya rufe bakin jama'a. Dangin da suka taso daga ƙauyukan Malumfashi da Kafur za su zauna shiru kamar 'yan kallo, alhali su ne shaidun alkawarin. Maƙwabta Musulmi da suka zo don kara kuwa za su koma gida ba su ji abin da muka gaskata game da aure ba.

Ba muna cewa a kori kwaya ko mai ogan ba. A bar musu lokacin baiko da bayan karɓar Yukaristi. Amma waƙar shiga, waƙar ɗaukaka da amshin Zabura na kowa da kowa ne. Zabura 128 tana cikin karatun Misar aure, kuma tana zama daram a bakin Bahaushe. Idan auren ya faɗo cikin azumi, ba a rera Halleluya, ogan kuma ya tsaya ga tallafa wa murya.

Dayosis ɗin Katsina a 2023 aka kafa shi, don haka al'adar da muka shuka yanzu ita za a gada. Fada ya zauna da ango da amarya da shugaban kwaya tun lokacin koyarwar aure, kafin a buga kati. Gyara a jajibirin biki ba ya haifar da komai sai ɓacin rai.