Gwangwanin Kitse a Gefen Murhu: Nazarin Sabulun Gida na Karkarar Amurka

A gidajen karkarar Amurka na da, musamman a kudanci da cikin duwatsun Appalachia, akwai wani gwangwani da ba ya barin gefen murhu. Da safe in uwargida ta gama soya naman aladen nan da suke yankawa fale-fale, wanda aka cuɗe da gishiri aka banda shi a hayaƙi, sai ta tsiyaye man da ya rage a kasko ta juye a ciki. Mai kyan yana komawa girki. Wanda ya ƙone ko ya fara wari kuwa sai a kai shi ganga, inda ake tara fata da ragowar kitsen aladun da aka yanka a farkon hunturu. In sanyi ya janye, sai a fito da wannan tarkace tsakar gida a mai da shi sabulun da iyali za su yi wanka da wanki da shi har shekara ta zagayo.

Na san mai karatu ya riga ya yamutsa fuska, kuma za mu zo kan hukuncin. Amma a fara duba aikin kansa tukuna, domin akwai ilimi a ciki, kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu.

Sabulu abu biyu ne suka haɗu: maiƙo da ruwa mai kaifi. Maiƙon ga shi a ganga. Ruwan kuwa daga toka ake samunsa. Duk tsawon hunturu ana kwashe tokar itace mai tauri ana zubawa a wani akwatin katako mai faɗin baki da tsukakken gindi, an shimfiɗa masa ciyawa a ƙasa don ta tace. Sai a riƙa zuba ruwan sama kaɗan-kaɗan, yana ratsa tokar yana ɗiga ja-ja cikin bokiti. Duk matar da ta taɓa tsiyayar ruwan toka don miya ta san wannan ɗigar. Matsalar ita ce babu wanda ya san ƙarfin ruwan, tunda toka ba ɗaya ba ce, ruwan da aka zuba ma ba a auna shi ba. Sai suka samo gwaji: a jefa ɗanyen ƙwai ko dankali. In ya nutse, ruwan ya yi sanyi, a sake tafasa shi ya ƙone ko a mayar da shi kan sabuwar toka. In ya taso har ɗan bayansa ya leƙo kamar faɗin kwabo, to ya yi. Wasu gashin kaza suke tsomawa, in ya fara zagwanyewa an samu abin da ake so.

Daga nan sai babbar tukunyar ƙarfe a kan wuta, da tuƙi na wuni guda. Abin da ke fitowa ba sandar sabulu ba ce irin ta kanti. Ruwan toka sinadarin fotash ne ke cikinsa, shi kuwa sabulu mai laushi yake bayarwa, ruwan ƙasa-ƙasa, mai santsi, da ake ɗiba da ludayi daga ganga. Mai son ya daskare sai ya watsa gishiri a ƙarshen dahuwa, sabulun ya rabu da ruwa ya taso sama. Amma gishiri na da tsada, kuma ana buƙatarsa wajen adana nama, don haka gidaje da yawa da mai laushin suke zama.

Saboda aikin yakan ƙi, camfi ya yi masa rumfa. Akwai masu cewa sai wata yana cika ake dafa sabulu, in ba haka ba zai tsotse. Akwai masu cewa ta gefe ɗaya ake tuƙawa, kuma da sandar wani itace mai ƙamshi da suke kira sassafras. Irin waɗannan zantuka ne ɗaliban wata makarantar sakandare a Rabun Gap ta jihar Jojiya suka bi tsofaffi suna tattarawa, har aka fitar da littafin Foxfire a 1972. A ganina camfin ba wauta ba ne zalla. Mace ta tara kitse wata shida, in tukunya ta lalace babu na sakewa, kuma ba ta da hanyar sanin dalili. Wanda ba shi da ma'auni dole ya kama wani abin ya riƙe.

Ma'aunin ya zo ne daga Faransa. A 1791 Nicolas Leblanc ya samu haƙƙin mallakar hanyar fitar da soda daga gishiri, a 1823 kuma Michel Chevreul ya wallafa bincikensa da ya bayyana abin da ke faruwa a tukunyar: ruwa mai kaifi yana farke kitse gida biyu, ɓangare ɗaya ya haɗu da shi ya zama sabulu, ɗayan ya fita a matsayin gilisarin. Da aka gane haka, sabulu ya tashi daga hannun mata ya koma masana'anta. Birnin Cincinnati, wanda yawan mayankar aladunsa ya sa aka yi masa laƙabi da Porkopolis, nan ne wani mai yin kyandir, William Procter, da wani mai yin sabulu, James Gamble, suka haɗa jari a 1837. Kitsen da mahauta suka rasa yadda za su yi da shi ne ya ɗaga kamfanin da har yau kayansa ke cike da kantuna.

Gwangwanin gefen murhu bai mutu nan take ba. A 1942, da yaƙi ya toshe hanyar man kwakwa da sauran man da ake kawowa daga yankin Fasifik, gwamnatin Amurka ta roƙi matan aure su tace ragowar man girki su kai wa mahauci. Ana biyan santi 4 a kan kowace laba, daga ƙarshen 1943 kuma aka ƙara da maki biyu na katin rabon nama. Gilisarin ake nema don haɗa nakiya, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin kitse shi ne. Har kamfanin Disney sai da ya yi ɗan fim na zane yana kwaɗaitar da mata. Bayan yaƙi garin wanki na sinadaran man fetur ya mamaye kasuwa, Tide ya fito a 1946, man kasko kuma ya zama shara da ake tuttulawa a magudana.

Yanzu al'adar ta dawo a hannun jikoki, sai dai da wata kama. Mai yin sabulu na yau yakan fara da wanke man: a tafasa shi da ruwa, a bari ya huce har ya daskare a sama, a ɗaga faifan kitsen a kankare dattin da ya manne a ƙasansa, a zubar da ruwan da ya kwashe gishiri da sukari da ƙonannen nama. Sai an maimaita har ruwa ya fita garau, kitsen ya yi fari, warin hayaƙi ya tafi. Toka kuwa an sallame ta. Soda ake saya a auna da sikeli, wajen giram 140 ga kilo ɗaya na kitsen alade, a ɗan rage kamar kashi 5 cikin ɗari don a bar maiƙon da zai tausasa fata. Sodar ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kanta, domin zafin da take tayarwa na iya watso wa mutum a ido. Ba a kusantar tukunyar alminiyam, soda cinye ta take yi. A haɗa, a tuƙa har ya yi kaurin kunu, in ka ɗigo shi ya bar sawu a sama. A juye a mazubi, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, a jera ya sha iska mako huɗu zuwa shida. Sabulun yakan fito fari, mai tauri, mai sanyi a jiki, amma kumfarsa ba ta da yawa, shi ya sa ake sirka shi da man kwakwa.

A nan nake da ja da masu wannan farfaɗowa. Suna yawan tallata shi da cewa sabulun kaka ne, babu sinadari. Wannan ba gaskiya ba ne ta fuska biyu. Sodar da suke aunawa daga masana'anta ta fito, irin wadda manyan kamfanoni ke amfani da ita. Sabulun kaka kuma, in ruwan toka ya yi yawa, ɗaye hannu yake yi, shi ya sa matan suka yi maraba da na kanti ba tare da waiwaye ba. Abin da jikokin suka gada shi ne ƙin zubar da kitse. Gwanintar da ke cikin tsohon aikin, wato karanta ƙarfin ruwa da ƙwai da gashin kaza da ɗanɗanon harshe, sikeli ya maye gurbinta. Ban ce a koma ba, sikeli ya fi aminci. A dai kira abu da sunansa.

Hujjarsu mai ƙarfi tana ƙarƙashin ƙasa. Man da aka zuba a magudana yana haɗuwa da tsummokin goge jiki ya daskare. A 2017 an tarar da irin wannan dunƙule a unguwar Whitechapel ta Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130, ma'aikata suka shafe makonni suna farfasa shi. Wanda ya mai da man kaskonsa sabulu ya rage wa garinsu wannan wahala.

Sai batun hukunci. Ba sabon zance ba ne a wurin malamai. Malikawa sun bambanta man da yake mai tsarki najasa ta faɗa masa, wanda suka yarda a yi sabulu da shi, da abin da shi kansa najasa ne, wanda ba su yarda a amfana da shi ba, kitsen alade kuwa a kashi na biyu yake. Malaman Hanafiyya da dama suna ganin in abu ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, wato istihala, hukuncinsa ya canza, kuma a kan haka wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya tafi a 1995 game da sabulun da aka yi da irin wannan kitse. Wannan saɓani ya shafi sabulun da ka tarar an riga an yi. Musulmi ya tara man alade da hannunsa wani zance ne dabam, ba mai ba shi wannan shawara. Mai son kauce wa shubuha ya duba bayan kwali: sodium lardate kitsen alade ne, sodium tallowate na shanu ko tumaki, sodium palmate na manja. Sabulun garuruwan Halab da Nablus tun asali da man zaitun ake yinsa, haka ma na Marseille, inda dokar Sarki Louis na 14 ta 1688 ta hana sa kitsen dabba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikin bai dogara da alade ba ko kaɗan. Kakiden da ake narkawa daga kitsen rago ko na sa bayan Babbar Sallah ya fi na alade ba da sabulu mai tauri da daɗewa, kuma adadin sodar da yake ci kusan ɗaya ne. Sabulun salo da ke zuwa mana daga ƙasar Yarbawa da Gana, wanda ake yi da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man alayyadi da man kaɗe, ɗan'uwan sabulun gangar Appalachia ne na jini: toka ce, fotash ne, shi ya sa shi ma yake da laushi da duhu. Bambancin kawai, a Amurka sai a littafi da gidan tarihi ake ganin akwatin toka, mu kuwa masu dafa na salo suna nan da ransu, suna auna kaifin ruwa da ido da hannu, ana sayar da ƙullinsa a Kurmi da kasuwannin ƙauye. In akwai wanda ya kamata ɗalibanmu su bi da littafi da alƙalami kamar yadda yaran Rabun Gap suka yi, waɗannan matan ne, tun kafin buhun soda ya gama korar tokar.